Ɓarin ƙaramin ciki: me ke kawo shi, yaushe za a ruga asibiti, me ke biyo baya

Uwar Zaure: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayoyi a kan ɓari sun taru a wurina, kuma yawancin masu turowa sun roƙi kada a ambaci sunansu. Ga su a dunƙule: me ke sa ciki ya zube tun bai kai wata uku ba? Duk wadda ta yi ɓari dole ne a yi mata wankin ciki? Ina hukuncin salla? Yaushe za a sake neman wani? Muna da likita, da ungozoma, da mai sikan, da mai haɗa magani, da malam. Bismillah. Amma wadda jini ke zubar mata a yanzu, don Allah kada ta tsaya karanta mu, ta nemi mai kai ta asibiti.

Likitan Mata: Wa alaikumus salam. Bari in fara da abin da ya fi cin ran mata, wato "laifin wa?" A cikin ciki goma da aka tabbatar, ɗaya zuwa biyu kan zube, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na ɓari yana faruwa ne kafin mako 12. Wajen rabinsu dalilin yana cikin ɗan tayin kansa. Kowane mutum yana da kromosom 46, wato ƙunshin bayanan halitta, 23 daga uwa, 23 daga uba. Wani lokaci wajen haɗuwa sai a samu ƙari ko ragi, tayin ya kasa ci gaba da girma, jiki ya fitar da shi. Ba abin da matar ta ci ko ta ɗauka ba ne, kuma babu allurar da za ta gyara wannan. Shekaru na ƙara haɗarin: yana hawa daga 35, kuma mace mai 45 fiye da rabin cikin da ta ɗauka kan zube.

Sauran dalilan su ne waɗanda muke iya taɓukawa a kai: zazzaɓin cizon sauro, ciwon suga da ba a daidaita ba, matsalar tayirod (wadda idan ta kumbura a wuya ake kira maƙoƙo), cututtukan saduwa da ba a yi magani ba, ƙari a cikin mahaifa ko mahaifa mai shamaki a tsakiya, da wata cutar daskarewar jini.

Daka, ɗiban ruwa, shara, hawan Keke NAPEP, kwanciya da miji, tsorata, ɓacin rai na yini ɗaya: ba su zubar da lafiyayyen ciki.

Inna ta Kumo: Likita, sannu da ƙoƙari. Amma mu da muka daɗe muna zama da masu ciki, an saba idan mace ta ga ɗigon jini a ce ta kwanta, kada ta ɗaga ko tsinke, har jinin ya tsaya. Kuma da yawa cikin ya zauna. Yanzu kana cewa aiki ba ya zubarwa?

Likitan Mata: Inna, gaskiya ne da yawa cikin yana zama, amma ba kwanciyar ce ta zaunar da shi ba. Kusan mace ɗaya cikin huɗu tana ganin jini a watanni ukun farko. Idan bakin mahaifa a rufe yake, kuma sikan ya nuna zuciya na bugawa, mafi yawansu suna kai cikin har haihuwa, ko sun kwanta ko ba su kwanta ba. An gwada kwanciyar a bincike, ba a ga ta hana ɓari ba. Hutu ba laifi ba ne, a rage mata aiki, wannan kyautatawa ce. Abin da nake tsoro biyu ne: a kwantar da ita kwana huɗu a ɗaki ba a duba ta ba, sannan idan cikin ya zube a ce ai don ta tashi ta ɗora tukunya ne.

Sista Ungozoma (Pantami): Wannan na farkon shi ne mai kisa. Ku rubuta waɗannan alamomin, duk wadda aka gani ba a jiran gari ya waye:

Jini ya jiƙa babbar audugar mata biyu sharkaf a cikin awa ɗaya, ya ci gaba haka awa biyu. Ko gudaji manya suna ta faɗowa ba tsayawa. Jiri, gumi mai sanyi, bugun zuciya da sauri, tafin hannu da cikin ido sun yi fari. Zazzaɓi da ya kai digiri 38 a ma'aunin zafin jiki, ko rawar ɗari, ko ruwa mai wari. Ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara.

Na ƙarshen nan ku kula da shi sosai. Ciki na iya zama a bayan mahaifa, yawanci a cikin bututun da ƙwai ke bi, ɗaya zuwa biyu cikin ciki ɗari. Tsakanin mako 6 zuwa 10 bututun kan fashe, jini ya riƙa zuba a cikin ciki, a waje kuwa ɗigo kawai ake gani. Mace ta ce kafaɗarta na ciwo, ko tana jin kamar za ta yi bayan gida, ta miƙe ta faɗi. Masu gida su duba zani su ce ai jinin ba yawa. Wannan aikin tiyata ne na gaggawa. Daga ƙauye a nufi babban asibiti inda ake tiyata da ƙarin jini, kamar na Bajoga, Kumo, Kaltungo ko Dukku. A cikin garin Gombe, Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Tarayya. A kwantar da ita a mota a ɗaga ƙafafunta, kada a ba ta abinci a hanya, kuma a tafi da maza biyu ko uku da za su iya ba da jini. Neman mai ba da jini da tsakar dare shi ne inda lokaci ya fi ɓacewa.

Mai Sikan (Jekadafari): Zan ƙara a kan Sista daga ɓangarenmu, domin akwai kuskure ta ɗaya gefen ma: a yanke wa ciki mai rai hukuncin mutuwa. Mace ta ƙirga mako 8, alhali al'adarta ba ta da tsari, cikin mako 5 ne. A ɗora na'ura a mara, ba a ga komai ba sai 'yar jaka, a ce mata babu yaro, a je a wanke. Ƙa'ida ita ce, da sikan na ciki wanda ake yi ta gaba, ba a cewa tayi ya mutu sai tsawonsa ya kai milimita 7 kuma babu bugun zuciya, ko jakar ta kai milimita 25 babu tayi a cikinta. Idan bai kai haka ba, a dawo bayan kwana 7 zuwa 14 a sake dubawa. Sikan na kan mara yana makara wajen gani fiye da na ciki da kusan mako guda, musamman ga mai jiki. Matuƙar ba ta zubar da jini mai yawa kuma ba zazzaɓi, jiran mako ɗaya ba ya cutar da ita. A karɓi takardar sakamako mai ɗauke da awon, kada a gamsu da maganar baki.

Wani abu kuma: gwajin fitsari ya nuna ciki, sikan ya nuna mahaifa wayam, matar ba ta ga wani abu ya fita ba. Wannan ba a sallame ta da "ya zube" ba. Sai an tabbatar ba a bayan mahaifa yake ba, ta hanyar auna sinadarin ciki a jini sau biyu, tsakaninsu awa 48.

Inna ta Kumo: To kwantaccen ciki fa? Mace ta yi ɓatan wata biyu, laulayi ya ɗauke, ciki bai girma ba bai zube ba. Mutanenmu na cewa ya kwanta, a nemi maganin tayar da shi.

Likitan Mata: Inna, a likitance abu uku ne ke ɓoye a bayan wannan. Ko dai tayin ya daina girma amma jiki bai fitar da shi ba, ko babu cikin tun farko al'ada ce ta rikice, ko kuma wani nau'in ciki ne da mabiyiya ke lalacewa ta zama ƙulle-ƙulle masu ruwa, wanda ke buƙatar wanki da bibiya ta watanni. Tayin da zuciyarsa ta tsaya ba ya tashi. Idan mace ta haihu daga baya, sabon ciki ne ta samu. Gwajin fitsari da sikan na raba gardamar a yini ɗaya.

Maman Biyu (Tumfure): Likita, tambayar wankin ciki ce ta fi damun mata. Wasu na cewa idan ba a wanke ba datti zai zauna ya hana haihuwa, wasu na cewa wankin ne ke lalata mahaifa. Wanne ne?

Likitan Mata: Kowanne da ɗan gaskiyarsa, Maman Biyu. Idan komai ya fita, jini na raguwa, ciwo ya lafa, sikan ya nuna mahaifa fes, babu abin da za a wanke. Idan da saura, ko tayin ya mutu bai fito ba, hanya uku ce.

Jira: mako ɗaya zuwa biyu, jiki ya fitar da kansa. Ya fi yin aiki idan ɓarin ya riga ya fara. Ban yarda da shi ba ga mai ƙarancin jini, ko mai alamar ƙwayar cuta, ko wadda gidanta ke nesa da asibiti, balle da damina idan hanya ta yanke.

Magani: misofrostol, wanda ke sa mahaifa ta matse ta turo abin da ya rage.

Wanki: na zamani shi ne MVA, sirinji babba da siririn bututun roba da ke zuƙo ragowar. Minti 10 zuwa 15, da allurar kashe zafi a bakin mahaifa, ta koma gida ran nan. Shi ne zaɓi idan jini ya yi yawa, ko akwai zazzaɓi, ko magani bai yi ba. Wanda ke lalata mahaifa shi ne tsohon salon kankara da ƙarfe, musamman idan an maimaita ko an yi da kayan da ba a tsabtace ba. Bangon mahaifa na iya mannewa, al'ada ta ragu ko ta ɗauke, ciki ya ƙi zama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da cewa a bar kankara a koma zuƙowa ko magani. Mace na da haƙƙin ta tambaya: da me za a yi mini, kuma za a kashe mini zafi? Yin wannan aiki ba tare da maganin zafi ba zalunci ne, ba ƙa'ida ba.

Mai Haɗa Magani (Herwagana): A kan misofrostol ina da magana, don an mayar da shi kamar farasitamol a kemis. Ƙwaya ɗaya maikrogram 200 ce. Ga ɓarin da ya rage saura kafin mako 13, ma'aikacin lafiya kan ba da 600 a haɗiye, ko 400 a ƙarƙashin harshe. Ga tayin da ya mutu bai fito ba, 800 ne, kuma ya fi aiki idan an ba da mifefriston 200 miligram kwana ɗaya kafin nan. Na faɗi adadin ne don ku gane ba abu ɗaya ba ne ga kowa. Ya danganta da makon cikin da irin ɓarin, kuma idan ciki ya girma adadin raguwa yake, don mahaifa na iya fashewa, musamman ga mai tabon tiyata. Ga ciki na bayan mahaifa kuwa ba ya yin komai sai ɓata lokaci. Shi ya sa sai bayan an duba.

Inda ake samun matsala: ƙwayar ƙarƙashin harshe ana barin ta minti 30 kafin a haɗiye ragowar, mutane na taunewa nan take. Sannan maganin ba ya son danshi. Idan an ɓare shi daga takardarsa ta alminiyam an ƙulla a leda, ƙarfinsa na raguwa, sai a sha a ce bai yi ba. Bayan sha, ciwon mara da jini kan fara cikin 'yan awanni. Rawar ɗari, ɗan zazzaɓi da gudawa na iya zuwa su wuce a yini. Zazzaɓin da ya wuce awa 24 ba na magani ba ne, a koma asibiti. Don zafi, ibufrofen 400 miligram bayan kowane awa 8 tare da abinci, in ba ta da gyambon ciki, ko farasitamol gram 1, kada ya wuce gram 4 a yini. Ibufrofen sai an tabbatar cikin ya tafi. Mai fatan cikin ya zauna farasitamol kaɗai.

Sista Ungozoma (Pantami): Bayan an koma gida: jini na iya kaiwa mako biyu, amma yana raguwa ne kullum, daga ja zuwa ruwan ƙasa. Auduga ko tsumma mai tsabta da aka shanya a rana. Ba matsi, ba cusa komai, ba zama cikin ruwan magani, domin bakin mahaifa bai gama rufewa ba, hanya ce a buɗe ga ƙwayar cuta. Miji ya haƙura har jini ya ɗauke. Wanka da ruwan ɗumi ya isa, tafasasshen ruwan jego da kunun kanwa ba sa wanke mahaifa, kuma mai ƙarancin jini na iya suma a banɗaki.

A auna yawan jininta kafin sallama. Idan ya yi ƙasa, ƙwayar ƙarin jini wata uku, ba kwana goma ba, tare da hanta, wake, kifi, zogale, alayyafo. Kada a kora ƙwayar da shayi, yana hana jiki ɗauka. Bayan mako uku a sake gwajin fitsari. Idan har yanzu yana nuna ciki, a dawo. Kuma kowace mace ta san rukunin jininta. Mai resus negetif, wato wadda rukunin jininta ke da alamar negetif, ta faɗa da bakinta tun a ƙofa, domin allurar anti-D, mai hana jikinta yaƙar jinin jariri, cikin awa 72 ake yin ta, musamman idan an yi wanki ko tiyata ko cikin ya wuce mako 12. Rashin yin ta ba wannan cikin yake shafa ba, jariran gaba ne.

Malam na Bolari: Allah ya saka wa ma'aikatan lafiya. A kan salla malamai sun saɓa, kuma kyau a san saɓanin. A mazhabar Malikiyya da muka taso a kai, idan abin da ya faɗo gudan jini ne dunƙulalle wanda shi ne mafarin halitta, jinin da ya biyo baya biƙi ne, ta bar salla da azumi. Alamar da malaman suka ambata ita ce idan an zuba masa ruwan zafi ba ya narkewa. Shafi'iyya ma suna kusa da haka. Hanafiyya da Hanbaliyya suka ce sai an ga alamar halitta, kamar hannu ko yatsa ko kai, kuma Hanbaliyya suka ce wannan ba ya yiwuwa kafin kwana 81. In ba a gani ba, a wurinsu ba biƙi ba ne.

Inda babu gardama a aikace: ba dole ba ne ta cika arba'in. Ranar da jini ya ɗauke ta yi wanka ta kama salla, ko da kwana biyar ne. Azumi ana ramawa, salla ba a ramawa. Abin da ya fito kuwa a mutunta shi, a naɗe a ƙyalle a binne, kada a jefa a shara ko masai. Malikiyya ba sa yi wa wanda bai yi kuka ba salla. Imam Ahmad ya ce idan ya cika wata huɗu a wanke shi a yi masa salla.

Maganar kishiya ta yi sammu, ko aljani ya sha cikin, ina jan kunne. Tuhumar Musulmi ba hujja zunubi ne, kuma gidaje sun watse a kan abin da likita ya ce tun ran haɗuwar ƙwai aka ƙaddara. A yi addu'a, a yi azkar, a je asibiti. Addu'ar da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya koyar kuma Ummu Salama ta ruwaito ita ce a yi istirja'i, wato a ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, a roƙi Allah lada a kan musibar da mayewa da mafi alheri.

Baban Yara (Nasarawo): Malam, Likita, a madadin maza: me miji zai yi? Da yawa sukan biya kuɗin asibiti su ga sun gama nasu.

Nas ta Bajoga: Yaya, kuɗin farko ne kawai. Macen da ta ga layi biyu a gwaji ta riga ta ƙirga watan haihuwa, wataƙila ta zaɓi suna. Abin da ta rasa ɗa ne a zuciyarta, ko da mako bakwai ne. Kalmomin da ke ƙona rai su ne "ai jini ne kawai", "ke yarinya ce za ki samu wani", "gode wa Allah kina da wasu", da "me kika yi?" A ce mata sannu, Allah ya mayar da alheri, Allah ya ba da rayayye, sannan a yi shiru a saurare ta. Miji shi ne zai tsaya tsakaninta da tambayoyin dangi, har da na mahaifiyarsa, cikin ladabi. Ya ɗauke mata girki mako guda, ya kira 'yar'uwarta ta zo ta zauna. Idan ba ta son zuwa suna ko barka a watannin nan, kada a kira shi hassada, kuma kada a tilasta ta. Ranar da aka sa ran haihuwa kan tayar da ciwon sabo, mijin da ya tuna da ita ya yi babban abu. Shi ma yana da damar jin zafi, ba ragwantaka ba ce.

Kuka da rashin walwala na 'yan makonni ba cuta ba ne. Amma idan ya wuce mako biyu ba barci, ba ci, ba ta iya kula da kanta ko yara, tana ta ganin abin a mafarki, ko ta fara cewa gara ta mutu, a kai ta ga likita. Akwai magani da zaman tattaunawa, kuma ba hauka ba ne.

Maman Biyu (Tumfure): Sai batun sake ɗauka. An ce wata shida.

Nas ta Bajoga: Wata shida muke faɗa a ɗakin awo, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta da. Kuma ina ganin hikimarta a nan, inda mata da yawa ke shiga ciki da ƙarancin jini.

Likitan Mata: Nas, a kan mai ƙarancin jini muna tare. Amma binciken da ya biyo baya bai nuna cewa ɗaukar ciki kafin wata shida yana ƙara haɗarin wani ɓarin ba. Mai lafiya da ta yi ɓari sau ɗaya ba matsala, ta jira al'ada ɗaya don a iya lissafi, sannan duk lokacin da zuciyarta ta shirya. Ba zan ce wa mai shekara 38 ta zauna rabin shekara ba dalili ba. Masu jira dole su ne wadda aka yi wa allurar metotireset saboda ciki a bayan mahaifa, wata uku, da mai lalatacciyar mabiyiya, har likita ya sallame ta. Al'ada kan dawo cikin mako 4 zuwa 6, amma ƙwai na iya fita tun mako biyu, don haka mai son hutu ta karɓi tsarin tazara kafin ta bar asibiti.

Kafin ciki na gaba: folik asid maikrogram 400 kullum tun kafin ɗauka. Mai sikila, mai suga, da mai shan maganin farfaɗiya miligram 5. Gidan sauro kowane dare. Zazzaɓi a yi gwaji ran nan, kuma tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da irin Coartem a watanni ukun farko. Fansidar na rigakafi sai daga mako 13.

Inna ta Kumo: Wadda ta jera uku fa, Likita? Ita ce ake kai wa ɗaurin mahaifa?

Likitan Mata: Ba lallai ba, Inna. Ɗauri na wadda bakin mahaifarta ke buɗewa ba ciwo ne a wata huɗu zuwa shida, ana yin sa wajen mako 12 zuwa 14. Ba ya hana ɓarin wata biyu. Mace ɗaya cikin ɗari ce ke jera uku, kuma daga na biyu ma ana iya fara bincike: suga, tayirod, siffar mahaifa, da gwajin cutar daskarewar jini, wanda sai an yi sau biyu da tazarar mako 12 kafin a tabbatar. Idan ita ce, ƙaramin asfirin da allurar hefarin mai hana jini daskarewa na taimakawa sosai. Wadda ta taɓa ɓari kuma ta ga jini a sabon ciki, bayan sikan ya nuna cikin na mahaifa, ana ba ta frojestaron, sinadarin da ke tallafa wa ciki, miligram 400 sau biyu a yini ta gaba, har mako 16. Wannan daban yake da allurar "riƙe ciki" da ake yi wa kowa a kemis. A kusan rabin masu wannan matsala ba a gano dalili, kuma duk da haka mafi yawansu suna haihuwa daga baya.

Mai Sikan (Jekadafari): Mai zuwa wannan binciken ta zo da duk takardun sikan na baya, ko sun yage. Ta rubuta kowane ɓari: wata da shekara, mako nawa, an taɓa ganin bugun zuciya ko a'a, da magani aka gama ko da wanki. Kuma da ta samu sabon ciki ta zo sikan a mako 7, kada ta jira sai ciki ya fito kafin ta fara awo.